Turaren Hajja da Kaset ɗin Nguru

Ɗakin da ya fi kowane ɗaki sanyi a ofishinmu na Gashua ba na Darakta ba ne, na na'ura ne, kuma makullinsa a jakata yake kwana. Duk tsiyar da aka yi da ni a wurin nan daga wannan makullin ta taso. Wanda ya san Gashua da bazara, lokacin da kujerar roba ma sai ka yayyafa mata ruwa kafin ka zauna, shi zai gane yadda mutane ke ji in an ce ɗaki ɗaya tal ke da esi mai aiki ba dare ba rana, kuma an hana 'yan Adam shiga don wani akwatin ƙarfe ya sha iska. Ni ce mai hanawar, kuma ban taɓa jin kunyar hanawa ba.

Ofishin ƙarami ne, aikinsa tattara muryoyin tsofaffi. Ana bin ƙauyuka da kyamara da na'urar ɗaukar magana, Katuzu, Yusufari, har Kumagannam can wajen iyaka, a zaunar da dattijo ko tsohuwa su yi ta zuba: yadda ake su a da, sunayen tafkunan da ciyawar kacala ta cinye, waƙoƙin daka, hanyoyin fatake. Wasu da Badanci, wasu da Barbarci, wasu da Fulatanci. In an dawo sai a juye a babbar kwamfuta. Ni ba na zuwa ƙauye. Aikina in tabbatar abin da aka juye bai ɓata ba ko da kwamfutar ta mutu, don kwamfuta ba ta sallama in za ta tafi.

Amfanin akwatin ƙarfen ke nan. Girmansa bai wuce ƙaramar firij da aka kwantar ba. A cikinsa akwai ramuka a jere, kowane rami da kaset ɗinsa. Ba irin na rediyo da muka taso da shi ba, wannan mai kusurwa huɗu ne, ya ɗan fi sabulun wanki faɗi, amma shi ma zare ne a ciki, siriri fiye da ɓawon albasa. Guda ɗaya yana ɗauke duk abin da ofishinmu ya tara tun kafuwarsa. Sai wani hannun ƙarfe da ke kai da kawo yana zaro kaset daga rami, da ido da ke karanta lambar da aka manna a goshin kowane kaset, da baki da ke haɗiye shi ya yi rubutu a kan zaren ko ya karanta. Suna da sunayensu na Turanci, ni dai hannu da ido da baki nake ce musu, kuma duk ofis haka suka koya.

Na san halin na'urar nan kamar yadda na san halin mijina. In hannu ya maƙale, yawanci wani ne ya cusa kaset a karkace bai tura shi ya zauna ba. In ido ya rantse bai ga kaset ba alhali ga shi nan, lambar goshinsa ce ta ɓantare. In kuwa kwamfuta ta ce ba ta san da wata na'ura a ɗakin ba, kafin in ɗaga hankalin kowa sai in durƙusa in leƙa waya ta baya, sau da yawa ita ce ta saki. An ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, wannan kwafin ka yi masa addu'a ka sake sabo. Akwai kuma kaset na musamman da ke goge cikin baki in ya yi datti, shi ma ƙarewa yake yi kamar soso.

Duk waɗannan ƙananan ciwo ne. Babban ciwon shi ne kaset ya ƙi karantuwa, don a nan dole ka san laifin wane ne, na kaset ko na baki. Kuma ba a gwada wannan da kaset ɗin da ake so. Sabo ake ɓarewa, wanda ba komai a kansa, a ba baki. In ya dawo lafiya, madalla. In ya dawo a taune, bakin ne ya haukace, kuma duk abin da ka miƙa masa bayan nan, kai ka kashe shi da hannunka. A kan wannan ƙa'idar ba na jin lallashi, ba na jin tsawa.

Gidan aurena a Nguru yake. Mijina ɗan kasuwa ne mai sayar da hatsi, kakanninsa daga Haɗeja suka zo suka zauna tun zamanin da jirgin ƙasa ke jirgin ƙasa. Ofishinmu yana da ɗan reshe a can, ɗaki ɗaya da maigadi da kabad ɗin ƙarfe. Ran Juma'a in zan tafi gida sai in ɗauki cikakken kwafi guda in kulle a kabad ɗin, in dawo da na makon jiya, don in gobara ta tashi a Gashua ko kogi ya yi ambaliya kada komai ya tafi tare. A cikin kular abinci nake saka shi, naɗe da tawul, a kan cinyata. Direbobin tasha sun san ni sarai. Sun sha cewa in kawo kular a jefa a but tare da buhunan banda, ko a ɗora a gaban mota jikin gilashi inda rana ke dafa ƙwai, ni kuma in ce wanda ya isa ya taɓa. Wani ya taɓa tambayata wane irin tuwo ne wannan da bai sauka daga cinya ba tun daga Gashua har aka wuce Jajimaji. Na ce masa tuwon kakanninka ne, kai dai kalli hanya.

Cikin tsofaffin da aka ɗauka har da mahaifina. Babade ne na wajen Katuzu, masunci tun yana yaro har ƙafa ta ƙi. Ni a cikin gari na tashi wajen ƙanwar mahaifiyata, Badancina bai wuce gaisuwa da zagi ba. Shi aka ɗauka a ƙarshe kafin zafin bazara ya tsayar da fita ƙauye, kuma an yi ta komawa wajensa, don in ya fara lissafin kifaye da inda kowanne ke kwana ba ya tsayawa sai an kira salla. Bayan nan da kaɗan ya kwanta, ya rasu ina da tsohon ciki. Ni na zuba maganarsa a kaset da hannuna, amma ban saurara ba. Na ce sai na haihu, sai zuciyata ta ɗan yi sanyi.

Da zan tafi hutun haihuwa na yi cikakken kwafi na ƙarshe, na kai Nguru na kulle. Makullin ɗakin na'ura kuwa dole ta sa na miƙa wa Darakta, shi kuma ya ɗora aikin a kan mai ɗaukar hotonmu, wani mutumin Filato, mutumin kirki wanda bai iya ce wa kowa a'a ba. Na nuna masa komai. Na ce in ya ga jar fitila kada ya ƙara ba ta kaset, ya kira ni ko ina kan gadon haihuwa ne. Ya ce to Madam. Ba wanda ya kira ni. Daga baya na ji Darakta ne ya ce ba a damun mai jego da maganar inji. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, sai dai niyyar ba ta rage komai daga ɓarnar ba.

Ran da na dawo, tun daga bakin get na ji ƙamshi, ban kawo komai a raina ba don na san Hajja na nan. Hajja ita ce sakatariyar Darakta, 'yar ƙabilar Manga ce, 'yar asalin Nguru, a shekaru ta isa ta haife ni. Ƙamshinta ke riga ta shiga ko'ina, kuma in ta fita sai ya zauna ya ɗan ƙara hira. Turaren wutanta da kanta take haɗawa, kajiji da sandal da hawi, ta ƙulla su da sukari da wasu mayuka da ba ta taɓa gaya wa kowa sunansu ba. Har daga Damaturu ake aiko mata in za a yi biki. A wajenta, baƙo ya shiga ɗaki bai tarar da hayaƙi ba cin mutunci ne.

Na je ƙofar ɗakina na same ta a wangale, an tokare da dutse. An shimfiɗa kafet, an jera kujerun kushin, ga gorunan zoɓo an jingina jikin na'ura suna shan sanyi. A ƙarƙashin teburin, daidai inda fankar na'urar ke zuƙar iska, ga kaskon turare da tokarsa. Ashe da zafi ya tsananta Darakta ya mayar da ɗakin wurin karɓar baƙi, Hajja kuma ta yi abin da uwarta ta koya mata, da safe da bayan azahar, duk tsawon jegona.

Na shafa yatsa a gaban na'urar, ya fito da wani abu ja-ja mai danƙo irin na gindin tukunyar alewa. Jar fitila na kunne. Na buɗe na haska ciki, ido ya yi yana, hannu yana tafiya yana cijewa, kaset ɗin wanki ya ƙare tun tuni. Mutumin Filato ya tsaya a bayana yana murza hannu, ya ce duk lokacin da ta tofo kaset sai ya ba ta wani, a zatonsa wancan ne ya tsufa. Na zaro su ɗaya bayan ɗaya. Wasu zaren ya cukurkuɗe, wasu ya tsinke, wasu an rubuta rabin kwafi a kan cikakke. Babu na kirki ko ɗaya a duk Gashua. Na ɓare sabo na ba baki don in tabbatar, na ji ƙarar da ba na so, ƙas-ƙas-ƙas, ya dawo a taune.

Na sunkuci kaskon na fita da shi na dire a tsakar ofis, a gaban kowa. An ce da akwai hanyar da ta fi wannan laushi. Wataƙila akwai, ni dai ban ga lokacin nemanta ba a ranar, kuma har yau ban gani ba. Hajja ta fito tana gyara laffaya, ta dubi kaskon, ta dube ni.

"'Yata, turaren nawa ne datti?"

"A jikin mutum ba datti ba ne, Hajja. A cikin injin nan guba ne."

Ta ce ta turara ɗakunan matan manya ba wanda ya taɓa kiran haɗinta guba, sai yau da 'yar masunta da ta girma cikin warin banda ta samu kujera. Maganar ta shige ni, don mahaifina bai daɗe a ƙasa ba. Na ce mata warin bandar nan shi ya kai ni makarantar da na koyi abin da nake gaya mata. Daga ranar ta daina amsa gaisuwata, ni kuma ban daina gaishe ta ba, da ƙarfi ma nake yi don kowa ya shaida.

Duk ofis bayan Hajja suka bi, ba don sun fahimci komai ba sai don na fitar da kujerun kushin na mayar da kwaɗo. Aka laƙaba mini Injiniya mai tsoron ƙamshi. Masinja in ya gan ni tafe sai ya toshe hammatarsa ya ce a gafarce shi ya fesa turare da safe. Na bar su da dariyarsu, na je na gaya wa Darakta cewa a aika Kano a kawo sabon baki, don yanzu aikin shekaru yana tsaye ne a kan abu biyu kawai, kwamfutar da ita ma ta sha hayaƙin nan, da kaset ɗin Nguru. Ya ce zai duba.

Yana cikin dubawa kwamfutar ta bi sahu. Wata safiya aka kunna ta, ta yi ta ƙwanƙwasawa a ciki, ba ta tashi ba. Aka kawo wata a madadinta, fanko fayau. Muryar duk wani tsoho da muka taɓa ɗauka, har da mahaifina, yanzu tana kan zare ɗaya a kabad ɗin Nguru, ba wani wuri kuma a duniya. Kuma a makon nan ne ake jiran manyan baƙi daga Damaturu da Abuja, masu riƙe da ofishin. Darakta ya riga ya aika wa iyalan tsofaffin cewa su zo su ji muryoyin iyayensu a lasifika, an ma yi maganar rumfa da shinkafa.

Ya kira ni ofishinsa. Darakta ba mugu ba ne, mutum ne mai son a ce ya iya, kuma a ranar na ga tsoro a fuskarsa. Ya ce in je Nguru in ɗauko kaset ɗin a juye a sabuwar kwamfuta kafin baƙi su iso. Na yi masa bayani daki-daki. Ya ce ba na goge bakin ba? Na ce na goge iya inda auduga za ta kai, na sake ba shi sabo, ya sake taunewa. Ya ce a gwada sa'a, Allah na nan.

"Ranka ya daɗe, Allah na nan, kuma Shi ya ba ni ido na ga abin da bakin nan ya yi wa sauran. Ba zan saka ba."

"Malama, umarni nake ba ki, ba shawara ba."

"Na ji umarnin, ranka ya daɗe. Ba zan saka ba."

Ya buga tebur ya ce ai ba kayan ubana ba ne. Na ce gaskiya ne ba na ubana ba ne, amma ubana yana ciki, da iyayen mutanen da ya gayyato, kuma yawancinsu suna kabari ba za a sake zaunar da su a tabarma ba. Rumfa kuwa ana iya sake kafa ta wata rana. Ya ce shi ke nan, zai tura direban ofis da mai walda su fasa kabad ɗin, mutumin Filato ya saka. Na ce to, na fita.

Na san direban ofishinmu ba ya motsi sai an sa hannu a takardar mai, kuma mai sa hannun ba ya dawowa daga salla da wuri. Na wuce tasha kai tsaye na shiga motar da ta fara cika. Kafin la'asar kaset ɗin yana cikin kulata. Na ce wa maigadin reshe duk wanda ya zo ya gaya masa yana hannuna, kuma an san gidana. Na kira Darakta a waya na gaya masa haka da bakina. Ban sata ba, ban ɓoye ba, hanawa na yi.

Sai da na shiga gida na gane ina da wata sabuwar matsala. Ni ma fa mace ce a Nguru. Akwatunana, labulena, har ƙarƙashin gadona duk sun sha turare sun ƙoshi, kuma surukata da muke gida ɗaya in magariba ta yi sai ta zagaya ɗakuna da kasko. Na rasa inda zan ajiye abin nan, daga ƙarshe na saka kular a cikin jarkar roba mai murfi, na kai ɗan ɗakin da randuna suke, inda ya fi sanyi, na ce daga yau hayaƙi ba zai bi ta wannan sashen ba. Surukata ta ce tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin sashen mai goyo ba turare ba, ta ja ɗanta gefe ta tambaye shi ko matarsa ta haɗu da iska a hanyar Gashua.

Mijina ya zauna bakin gado ya ce in ba su kayansu in huta, in ya lalace ai su suka ce. Na ce in ya lalace, su suka ce ba zai dawo da muryar kowa ba. Ya dube ni, ya dubi jaririyar, ya ce Allah ya kyauta. Sannan ya fita ya gaya wa mahaifiyarsa likita ne ya hana hayaƙi saboda ƙirjin yarinya. Ban sa shi ba, ban kuma hana shi ba. Washegari direban ofis ya iso da mai waldarsa, suka yi sallama a zaure, aka kai musu fura suka sha. Ya aiko a ce Darakta ya ce in ba da saƙo, na aika a ce masa ina gaishe da Darakta. Bawan Allah ba zai shiga gidan matan aure ba, ya shafa gemu ya koma.

Ranar taron na je, don kada a ce na gudu. An kafa rumfa, an yi jawabai, an ci shinkafa, lasifika ba ta fitar da muryar tsoho ko ɗaya ba. Darakta ya yi ta gumi yana ba da haƙuri. Ana watsewa wata tsohuwa da ta zo daga Katuzu a bayan a-kori-kura ta riƙo hannuna, ta ce an nuna mata ni an ce ni ce na hana ta jin mijinta. Na ce eh, Inna, ni ce. Na ce yana nan lafiya, ban bari an taɓa shi ba, in na ba su yau ba za ta ji shi ba har abada, ita da jikokinta. Ta kalle ni, ta saki hannuna ta tafi. Wannan ya fi duk abin da ya biyo baya ciwo, na koma bayan ofis na yi kuka na wanke fuska na fito.

Abin da ya biyo baya takardar tuhuma ce, sai ta canjin wurin aiki. Aka tura ni Yusufari, wani ɗan ofis da ko soket mai aiki babu, in zauna in kalli tudun yashi da shanu. Na tafi da goyona ban roƙi kowa ba. An aiko mini mutane, wasu da lallashi, wasu da maganar 'yan sanda. Amsata ɗaya ce, ran da sabon baki ya zo ni zan kai kaset ɗin da ƙafata. Duk ƙarshen mako in na dawo Nguru, kafin in sauke goyo sai na leƙa jarkar nan. Gero ya yi kai, ya nuna, aka yanke, ina nan kan bakana.

Wata Asabar da hantsi ina tsakar gida ina wanki aka yi sallama. Na amsa ban ɗago ba. Sai da inuwa ta tsaya a kan bahon na ɗaga kai na ga Hajja. Ta shigo har tsakiyar gida hancina bai gaya mini ba. Laffayarta fara ce wankakkiya, ba humra, ba turare, ba komai sai sabulu. Tunda na san matar nan ban taɓa ganin ta haka ba, har ta yi mini kamar ta rame.

Na shimfiɗa mata tabarma. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba ta ba. Ta ce sabon bakin ya iso daga Kano, mai gyaran ya ɗaura ya wanke cikin akwatin ya koma, Darakta kuma girman kai ya hana shi ɗaga waya. Ta ce tsohuwar Katuzu ta sake zuwa tambaya. Sannan ta kwance bakin laffayarta ta ajiye makullin ɗakin na'ura a kan tabarma, ta ce daga durowarsa ta ɗauko. Ta ƙara da cewa yayanta ma yana cikin kaset ɗin, wani tsohon bafatake a Kumagannam, ita ta kai masu ɗauka wajensa, kuma ya rasu.

"Ni na ɗauka karrama su nake yi. Ɗakin da tsofaffi ke ciki, a bar shi haka ba turare?" Ta gyara zama. "Na wanke shi da kaina. Ki zo ki shinshina."

Ran Litinin na isa Gashua da kula a cinya. Kuma na shinshina ɗin, kusurwa-kusurwa, har ƙarƙashin tebur, Hajja na tsaye a ƙofa ta harɗe hannu. Na ɓare sabon kaset na ba baki, ya rubuta, ya karanta, ya dawo da shi sumul. Darakta ya shigo bai kalli idona ba, ya ce to sai a saka. Na ce kaset ɗin daga zafin hanya ya fito, sai ya kwana a ɗakin ya ɗauki sanyinsa, gobe da safe. Ya juya ya fita.

Da safe na ɗora shi a raminsa da bisimilla. Hannu ya zo ya ɗauka, ido ya karanta goshinsa, baki ya haɗiye. Na kafa kunne. Ba ƙas-ƙas, sai wani siririn kuka mai santsi da na daɗe ban ji ba. Na zauna a ƙasa ina saurare. Sai bayan azahar ya gama juyewa. Mutumin Filato ya riga ya tanadi babur zai kai wa tsohuwar Katuzu muryar mijinta, na ce ya dakata ban duba ba tukuna. Ƙa'idata ce in fara duba abin da ke ƙarshen zare, don in da ɓarna a can ta fi ɓuya. Abin da ke ƙarshen zaren kuwa shi ne zama na ƙarshe da aka yi da mahaifina.

Muryarsa ta cika ɗakin, da ɗan tarin nan nasa. Badanci yake yi, ina tsintar sunan kifi nan da can, sauran yana wuce ni. Na bar shi ya yi ta yi. Can wajen ƙarshe aka ji muryar mutumin Filato da Hausarsa yana cewa Baba mun gama, mun gode. Mahaifina ya juya Hausa ya tambaya ina za su kai duk wannan surutun, kada fa ya bi ruwa. Aka ce masa a ofis za a ajiye, 'yarsa ce ma mai ajiyewa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Wannan? To ku kwantar da hankalinku. Tun tana rarrafe in ta damƙe abu, ko ni ban taɓa ɓamɓare hannunta ba."

Hajja ta ja laffaya ta rufe fuska ta fita. Ni kuwa na yi kukana a gabansu ban ɓoye ba, sannan na tashi na sa na'urar ta yi sababbin kwafi, ban motsa ba sai da ta gama. Takardar Yusufari ba a janye ta ba, ni ma ban tambaya ba. Da hannun na'urar ya dawo da kaset ɗin Nguru raminsa, Darakta da ke tsaye a bakin ƙofa ya yi gyaran murya, ya ce to yanzu a kawo shi a ajiye a ofishinsa. Na share ido, na naɗe shi da tawul, na mayar cikin kula, na ɗora a cinyata.